Ɗiyar wana ta ƙi abinci, an ce in gwada mata yoga: ku ba ni shawara

Maɗinkiyar Zariya:

Assalamu alaikum. Ni maɗinkiya ce a unguwar Zariya nan Maradi, kuma maganar ɗiyar wana da nake riƙo ce ta kawo ni. Shekarunta 17, tana ajin ƙarshe na lise, bana za ta zauna jarrabawar bak. Iyayenta suna can wajen Madarunfa. Karatu ya kawo ta hannuna tun shigarta koleji, don haka yadda nake jin waɗanda na haifa haka nake jin ta.

Yarinyar nan ta daina cin abinci. Ba irin ciwon da ke kashe baki ba ne, ƙi take yi. Kayan da na ɗinka mata na ƙaramar Sallar bara, kafin Layya sai da na rage yatsa huɗu a ƙugu, kafaɗar rigar kuma tana zamowa. Da na gaya mata sai na ga fuskarta ta washe. Wannan murnar ce ta fara ba ni tsoro. Shekara da shekaru ina auna jikin mata, abin da na saba gani shi ne wadda za a ce ta rame ta ɓata rai, ta ce a yi mata ɗinkin da zai cika ta.

A gida ta ce ta ci a lakwal, a lakwal ta ce ta ci a gida. Hurarta ta rana almajiri take miƙa wa ta bayan ƙyaure. Awara da a da take ci har sai an hana ta, yanzu ta ce mai ya yi yawa. In na tsare ta da tuwo sai ta yi ta gutsura ƙanana tana juya su cikin miya har kowa ya tashi. Ruwan zafi da lemun tsami da safe, da wani ganyen shayi na rage ƙiba da ta gani a TikTok. Azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta, ga ramuwar da ba a bin ta, ta sha ruwa da dabino ɗaya ta ce ta ƙoshi. Watan azumin bana kuwa ya ƙara dagula komai. Abin mamaki, ita ke son shiga madafa. Ta yi mana dambu mai daɗi, ta zauna tana kallon bakinmu, ta ce in ƙara. Sanyi take ji kullum: yanzu da muke kwana tsakar gida saboda zafi, ita da rigar sanyi. Mai kitso ta ce gashinta na zuba. Ɗiyata ta tsegunta mini cewa al'adarta ta ɗauke watanni, kuma da dare takan tashi tana tsalle-tsalle cikin ɗaki. Ranar wani biki ta ci da yawa, na yi hamdala, ashe da muka dawo bayi ta nufa ta sa yatsa ta amayar.

Asalinta mai jiki ce. Ƴan ajinsu suka sa mata sunan da ba zan maimaita ba, wani ya ɗauki hotonta tana cin fanke ya sa a rukuninsu na WhatsApp. Yau in na ce ta rame sai ta ce, "Goggo, ke ce ba ki gani, dubi cinyata." Wallahi babu komai a cinyar.

Mun je likita. An auna tarin huka, taifot, suga, har ƙanjamau, ba a samu komai ba sai ƙarancin jini. Aka rubuta maganin jini da na sa cin abinci, tana zubarwa. Wana ya ce sammu ne, ya aiko da rubutu, an yi ruƙiyya. Innarmu ta ce a yi mata aure za ta warware. Maƙwabta kuma cewa suke ƙoshi ne ya yi mata yawa, a garin da uwaye ke bin layi da yara masu tamowa. Wannan maganar tana yi mini ciwo, don ni nake ganin hawayenta in an ajiye mata kwano. A shagona, da safe in ɗinka wa amaryar da ta sha ƙwayar sha-ka-fashe har fuskarta ta kumbura, da marece in rage wa tawa siket. Madubi ɗaya suke tsayawa gabansa, kuma babu mai son abin da ta gani.

Ɗana da ke karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya ce cutar tana da suna, anoreksiya, ya nuna mini bidiyon wasu mata a Turai da ke cewa yoga da atisayen tattara hankali sun taimake su. Tambayata: da gaske wannan yana magani? Yoga ba bautar Indiyawa ba ce? Sannan abin da ya fi tsaya mini a rai: duk abin da na kawo mata ƙi take yi, amma da aka ce yoga nan take ta ce to. Saurin amsar nan bai kwanta mini ba.

Malamar jinya, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam Hajiya. Zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Ta amsa da sauri ne don tana ganin wata hanyar ƙona kitse ce, kuma da izininki. A ajiye yoga tukuna.

Na yi shekaru a sashen kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, kuma abin da kika lissafa, jin sanyi, zubar gashi, ɗaukewar al'ada, alamun jikin da yunwa ta ci ne, ko da rumbun gidan cike yake. Ku koma likita cikin satin nan, amma ki canza abin da za ki faɗa. Kada ki ce ba ta cin abinci kawai, don za a sake neman taifot. Ki ce tana ƙin abinci don tsoron ƙiba, tana sa kanta amai, tana motsa jiki a ɓoye. Ki roƙi a auna bugun zuciyarta da tansiyo a kwance da kuma a tsaye, a yi gwajin gishirin jini da ake kira iyonogram, a ɗauki hoton bugun zuciya. Amai yana zubar da fotasiyom, in ya yi ƙasa sosai zuciya takan rikice ta tsaya, alhali yarinya tana tafiya da ƙafarta. In ta suma, ko jiri ya ɗebe ta in ta miƙe, ko bugun ya gaza 50 a minti da rana, ko ta ƙi ruwa, ba a jiran safiya.

Abu na biyu, kada tsoro ya sa ku danne ta da babban kwano rana ɗaya. Mu a wajen aiki ba mu fara ba yaron da ya ƙanjame madara mai ƙarfi. F-75 muke farawa da ita, kaɗan-kaɗan, sai jiki ya daidaita a koma F-100. Dalili kuwa, in abinci ya shigo da yawa bayan doguwar yunwa, sinadarin fosfat yakan faɗi cikin jini, ƙafafu su kumbura, zuciya ta gaza. Haka yake ga babba. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa ƙarawa, wataƙila ma a kwantar da ita kwanakin farko.

Maganin sa cin abinci ba zai yi komai ba, don ba yunwa ta rasa ba, tsoro ne ya fi yunwar ƙarfi. Shayin nan ki raba ta da shi, da yawansu maganin zawo ne. In ta yi amai ta kurkure baki da ruwa, kada ta goge haƙori nan take, tsamin ciki ya riga ya tausasa bayansu.

Malamin Islamiyya, Bagalam:

Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka miki da alheri kan riƙon zumunci. Azumin nafila ya tsaya. Lokacin da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, Manzon Allah (SAW) ya hana shi, ya ce masa jikinka yana da hakki a kanka. Ko na farilla, aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ɗauke wa mara lafiya har ya warke. Ku samu malamar da take ganin girmanta ta gaya mata haka da taushi, don yara irinta sukan ɓoye ƙin abinci cikin rigar ibada, su kawo hadisin raba ciki uku. Wancan hadisin magani ne ga mai cika ciki, ba ga wadda ƙashin wuyanta ya fito ba.

Yoga kuwa daga Indiya ta fito, kuma asalinta haɗe yake da addininsu. Malamai sun yi saɓani. Majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmin ƙasar yin ta a 2008 saboda kalmomin bauta da ake rerawa a ciki. Wasu malaman suka bambance, suka ce miƙa gaɓɓai da daidaita numfashi ba laifi in babu waɗannan kalmomi, babu abin da suke kira gaisuwar rana, babu niyyar bauta. Ni a nan na tsaya. Ruƙiyya ku ci gaba da ita, ba ta hana zuwa likita.

Maman ƴan biyu, Ali Ɗan Sofo:

Yaya, amaryar da kika ambata a shagonki, ni ce shekarun baya. Siririya nake, dangin miji suka fara cewa an kawo musu sillen kara. Ƙawata ta kawo mini deksa, ƙwayar sha-ka-fashen nan, da wani siro daga mai tallar magani a kasuwa. Na yi jiki kam, amma a fuska da ciki da doron wuya, ƙafafuna suna nan yadda suke, fatar cikina ta tsage ja. Da aka auna ni lokacin cikin fari, tansiyo da suga duk sun hau. Duk mai shan deksa da ke karanta wannan, kada ki yanke ta rana ɗaya, jiki ya saba ya daina yin nasa sinadarin. Likita ke rage ta sannu a hankali.

Na bar ƙwaya, amma cin bai bar ni ba. Da rana in ƙi ci don kunyar jikina, da dare in kowa ya kwanta in shiga madafa a tsaye in cinye sauran tukunya, ban ji ɗanɗano ba, ban san na ƙoshi ba sai ciki ya yi ciwo. Sai kuka da alkawarin gobe ba zan ci komai ba. Goben ta sake zama jiya.

Wata ma'aikaciyar lafiya da ta yi kwas a waje ce ta koya mini tattara hankali, kuma ni ya yi mini amfani sosai. Ta fara da dabino ɗaya: in dube shi, in shinshina, in sa a baki ban tauna ba, in lura da yadda yau ke taruwa, sannan in tauna a hankali. Ranar na gane na daɗe ban ɗanɗani abinci ba, haɗiya kawai nake. Ta ce in abin ya taso da dare in zauna, in ja numfashi ina ƙirga huɗu, in sake shi ina ƙirga shida, in tambayi kaina ciki ne ke nema ko zuciya. Sau da yawa sai in tarar maganar da uwar miji ta yaɓa mini da rana ce ke cina. In na jira minti goma ina lura da ita, takan hau ta sauko da kanta. In kuma yunwa ce ta gaskiya, in zuba a faranti in zauna in ci da bisimilla. Amma gaskiya abin da ya fi karya shi shi ne na daina tsallake kalaci da abincin rana.

Kada ki ƙara ce mata ta rame, kada kuma ranar da ta fara murmurewa wani ya ce "kai, kin yi ƙiba, kin yi kyau". Mu a nan yabo ne, a kunnenta kuwa zai iya rushe aikin wata uku.

Ɗalibin nazarin halayyar ɗan Adam, Yamai:

Inna, barka da ƙoƙari. Ni ɗan Maradi ne, karatu ya kai ni Yamai. Malamar jinya ta riga ta faɗi mafi muhimmanci, ni zan amsa tambayarki ta farko.

Cutar ba sabuwa ba ce. Tun 1873 likitoci biyu, William Gull a Ingila da Charles Lasègue a Faransa, suka bayyana ta. Ba ta Turawa kaɗai ba ce kuma. A tsibirin Fiji, inda ake son mace mai jiki kamar yadda muke so, talabijin ya isa wani yanki a 1995, bayan shekara uku mai bincike Anne Becker ta tarar ƴanmatan makaranta sun fara sa kansu amai don rage jiki. Abin da talabijin ya yi can, salula ke yi mana yau. Tana kuma cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, wani ta hanyar zuciya, wani ta hanyar kashe kai. Saboda haka ki tambaye ta kai tsaye, ku biyu, ko tana jin ta gaji da rayuwa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin.

Son girkin da ya ba ki mamaki ma sananne ne. A 1944 zuwa 1945 a Minesota ta Amurka, Ancel Keys ya rage wa maza 36 lafiyayyu abinci na wata shida. Suka koma ba su da zance sai na abinci, suna tara littattafan girki, ga fushi da ƙunci. Yunwar kanta ke juya tunani. Shi ya sa nasiha ba ta shiga kan da bai ƙoshi ba, kuma shi ya sa abinci ne maganin farko.

Tattara hankali a matsayin magani, Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a 1979 a jami'ar Masacusets, shiri na mako takwas, da farko don masu ciwon da ya daɗe da masu damuwa. Daga baya Jean Kristeller ta gina wani a kansa don masu cin da ba sa iya tsayawa. A nan ne ya fi nuna amfani, wato irin halin da Maman ƴan biyu ta ba da labari. Ga mai anoreksiya hujjar ba ta kai haka ba, kuma akwai tarko: in kika ce mata ta saurari cikinta, cikin zai ce ya ƙoshi bayan loma uku, don ya saba da kaɗan kuma narkewa ta yi nauyi. Ita da agogo za ta ci, ba da jin yunwa ba. Yoga kuma, an yi wani gwaji a Siyatil da aka buga a 2010, inda matasa masu wannan matsala suka yi ta mako takwas a kan maganin da suke karɓa. Damuwarsu da abinci ta ragu bayan zama, nauyinsu bai faɗi ba. Ki lura, ƙari aka yi da ita, ba a maye gurbin magani ba.

Abin da ya fi ƙarfin hujja ga mai shekarunta shi ne maganin da iyali ke jagoranta, wanda aka faro a asibitin Maudsley a Landan. Manya su karɓi ragamar abinci na ɗan lokaci. Ke ke zaɓa, ke ke zubawa: manyan ci uku, ƙanana biyu ko uku a tsakani. Ki zauna da ita har ta gama, ba faɗa, ba roƙo, ba ciniki. Bayan ci a zauna tare kamar awa ɗaya, kada ta shiga bayi ita kaɗai. Za ta yi kuka, za ta iya zaginki. Ki riƙe a ranki cewa cutar ce ke magana, ɗiyarki tana ƙarƙashinta.

A wannan awar ta bayan ci ne numfashin zai yi aiki, don lokacin tsoro ya fi tsanani. Ku zauna kan tabarma ku biyu, ku yi irin ƙirgar da aka faɗa a sama. Kada ki ce ta lura da cikinta ko cinyarta. Ta lura da tafin ƙafarta a ƙasa, da sanyin buta a hannu, ta ambaci sauti uku da take ji. In likita ya ba da izini daga baya, sai a ƙara miƙa jiki mai sauƙi, a zaune ko a kwance, minti goma zuwa sha biyar, ba gumi, ba madubi, ba bidiyon masu matsattsun kaya, kuma ranar da ba ta ci ba babu shi. Ki nemi likitan ya haɗa ku da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa nan Maradi. In abin ya fi ƙarfi, akwai sashen masu wannan aiki a babban asibitin ƙasa na Yamai.

Maɗinkiyar Zariya:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mun koma likita, na faɗi komai a gabanta yadda Malama ta ce. Ta yi fushi da ni ƙwarai, ta ce na tona mata asiri. Bugun zuciyarta ya yi ƙasa, fotasiyom ɗin ma haka. An ba ta magani, an tsara mana abinci, za a riƙa auna ta duk mako, kuma likitan ya ce in ya ƙara sauka kwantar da ita za a yi. Ya hana duk wani motsa jiki, har tafiya lakwal a ƙasa, yanzu ɗana ke kai ta a moto.

Na kira wana na ce ya zo da kansa, maganar ta fi ta salula. Ya zo, ya zauna da ita kan kunun marece, ya ga yadda hannunta ke rawa da ludayi. Bai ƙara cewa komai kan aure ba. Malamarsu ta Islamiyya ta yi mata maganar azumi. Ta koma kwana ɗakina. Numfashin bayan ci muna yi, wani lokaci ta bi ni, wani lokaci ta juya mini baya tana kuka, ni dai ina zaune ina ƙirgawa. Tambayar da ɗalibin nan na Yamai ya ce in yi mata na yi. Ta ce ba ta son mutuwa, amma ta gaji.

Saura abu ɗaya da muka kasa yankewa. Bak ta matso, ita kuma ta nace sai ta zauna, tana karatu har tsakar dare, abin da ta karanta ba ya zama. Wana ya ce a bar ta ta yi, kada a ƙara mata baƙin ciki. Ni ina ganin a ɗaga zuwa baɗi. Malamar jinya, da ku malaman makaranta da ke nan, wanne ya fi mata?